Daɓen Ɗakin Mai Takaba

Ina aji biyu a sakandare Baba ya yi ritaya. A kwatas ɗin gwamnati aka haife ni, gida mai ɗaki biyu da falo da bishiyar gwaiba a baya, kuma ban taɓa sanin ba namu ba ne sai da takarda ta zo cewa mu tashi cikin wata uku. Baba akawu ne. Abin da aka ba shi na sallama gida ɗaya zai iya saya, shi ma ƙarami. Ya sha faɗa wa Mama, "Sau ɗaya ne fa. In na yi kuskure, babu wani garatuti da ke biye."

Wata guda ana nema, sannan wani dillali ya samo gida a Unguwar Kanawa. Zaure ne da ɗakuna uku a ciki, da kicin da banɗaki. Gidan gado ne, mai shi bai daɗe da rasuwa ba, 'ya'yansa suna son a sayar a raba. An shafe shi da sabon fenti shuɗi tun daga waje. Baba ya gani ya yaba, amma ya ce ba zai ba da ko kwabo ba sai tsohon abokinsa ya duba. Abokin nan sufeton gine-gine ne a ma'aikatar ayyuka, kowa Sufeto yake ce masa. A lokacin ba a cika yin haka ba. Mutum ya leƙa gida, ya tambayi maƙwabta, a kira mai unguwa da shaidu, shi ke nan. 'Yan'uwan Baba har dariya suka yi masa, wai gidan unguwa zai saya ko ofishin gwamna.

Sai ga wata matsala. Matar marigayin tana ciki tana takaba, saura mako shida ta fita, kuma babban ɗanta ya ce babu baƙon namiji da zai wuce zaure kafin nan. Baba kansa daga zaure ya hango tsakar gidan. Dillali kuma ya ce akwai wani mai saye da ke jira, magada ba za su yi mako shida ba. Mama tana jego, autanmu bai yi kwana ashirin ba. Gwaggona tana Zariya. Ina zaune ina tsince shinkafa, Baba da Mama suna wannan magana. Da na ɗaga kai, dukansu ni suke kallo.

"Uwata za ta shiga," in ji Baba. Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Ni kuwa ko a aji ba na ɗaga hannu, ko da na san amsa. In baƙi suka zo, bayan ƙyauren kicin nake laɓewa. Abin da na iya kawai kallo ne. Na san malamar da ke sa takalmi ɗaya duk ranar Laraba, na san maɓallin rigar Baba da aka ɗinke da zaren da bai dace ba. Amma in buɗe baki a gidan mutane, wannan kam ban iya ba.

Ranar Asabar da safe muka je. Sufeto ya riga mu isa a kan babur ɗinsa, dogo siriri, da jakar fata wadda ta ga duniya. Shi Bazazzagi ne, dillali kuma Bakano, don haka tun kafin su gama gaisawa suka fara tsokanar juna.

"Sabon fenti," in ji Sufeto yana shinshina bango. "Bakano in ya yi wa abu kwalliya, a duba ƙarƙashi."

"Ka ji Bazazzagi! Ku da gidajenku ke tsaye don tsoron Allah kawai. Yallaɓai, bulo ne zalla gidan nan, in ka ga ƙasa a ciki ka tsine mini."

"Zan ajiye tsinuwar tukuna."

Na tsaya gefe ina kallon yadda yake aiki. Ya fito da 'yar guduma yana ƙwanƙwasa bangon zaure daga ƙasa zuwa sama, kunnensa kusa da bangon. Ya ari tsani a maƙwabta ya hau ya duba kwanon rufi daga waje, ya soka sukundireba a katako ko gara ta ci. Ya bi kwata har ƙarshen lungu don ya ga inda ruwa ke bi. Ya tsaya wajen wata mai tuyar ƙosai ya sayi na ci, yana tambayarta ko ruwa na shiga gidajen layin a tsakiyar damina. Duk abin da ya gani sai ya rubuta a wani ɗan littafi da fensir. Fiye da awa guda yana wannan, dillali yana ta duba agogo.

Sannan ya kira ni. Ya durƙusa har tsawonmu ya zo ɗaya, ya ba ni wani babban makulli da tsohon batirin tocila.

"'Yata, yau ke ce sufeto. Kowane ɗaki, ki ƙwanƙwasa bango da daɓe da makullin nan. Mai lafiya amsarsa gajeriya ce, tak, tak. Wanda cikinsa ba komai zai amsa miki kamar ƙwarya a kife. Batirin kuma ki kwantar da shi a ƙasa ki sake shi. In ya zauna, madalla. In ya kama hanya, ki ga inda ya nufa. Kin gane?"

Na gyaɗa kai.

"Da baki ake amsa wa sufeto."

"Na gane," na ce, da ƙyar ya ji.

Na yi sallama na shiga. Tsakar gidan a share take. Ɗakuna biyu na hannun dama babu kowa a ciki, an kwashe kaya. Na shiga na ƙwanƙwasa ko'ina, tak, tak. Na kwantar da batiri, ya zauna. Kicin ma haka. Saura ɗaki na uku, mafi girma, can a kusurwar baya, inda mai takabar take.

Tsohuwa ce 'yar ƙarama, sanye da zane da ya koɗe, ba ɗan kunne ba kwalli, tana zaune kan tabarma daf da ƙofa da carbi a hannu. Na durƙusa na yi mata gaisuwa yadda Mama ta koya mini. "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Ta amsa, ta tambaye ni lafiyar mai jego da jariri, ta zuba mini kunun tsamiya a kofi. Na zauna ina sha, makulli da batiri suna cikin aljihun siket ɗina, nauyinsu yana jan siket ɗin gefe guda. Ta yaya zan tashi in hau buga bangon matar da mijinta ya mutu, tana zaune tana jan carbi? Sau uku ina haɗa maganar a raina, sau uku tana narkewa. Na shanye kunun, na yi godiya, na fito.

"To, yaya?" in ji Sufeto.

Maza huɗu suna kallona, har da babban ɗan gidan. Na sunkuyar da kai na ce, "Lafiya lau."

"Ka ji ko!" in ji dillali yana tafawa. "Bakin yara ba ya ƙarya."

Sufeto ya rubuta. A cikin tasi Baba ya ce ranar Litinin za a haɗu gaban mai unguwa a biya. Yana ta lissafa wanda zai kwana a wane ɗaki, ya ce babban ɗakin na Mama ne da jariri.

Ban ci abincin rana ba. Mama ta fito daga wankan yamma, jikinta yana tururi, ta same ni a bayan gida ƙarƙashin gwaiba.

"Me kika fasa?"

"Ban fasa komai ba."

"To me kika ɓoye?"

Sai kuka ya zo. Na faɗa mata ban duba ɗaki na uku ba, kunya ta hana ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Tashi ki faɗa wa babanki da bakinki. Ni ba zan ɗaukar miki ba." Na fi minti goma a ƙofar falo kafin na shiga. Baba ya saurara har na gama, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Abin da ya ce kawai shi ne, "Gobe da safe za mu Unguwar Shanu."

A can Sufeto yake zaune. Muka same shi a ƙofar gida yana wanke babur. Na zaci zai yi fushi, sai ya yi dariya ya ce laifinsa ne, da ya tura ni ba tare da ya koya mini abin da zan ce ba.

"Amma kin zauna a ɗakin, ko? Har kin sha kunu. To idonki ai bai sha kunu ba. Me ya gani?"

Wannan na iya. Ina kallon tayar babur na fara faɗa. Gadon ƙarfe yana jikin bango, amma ƙafafunsa biyu na wajen tsakiyar ɗaki an yi musu waigi da gutsuren bulo. Akwai sabuwar leda a shimfiɗe a ƙasa, alhali komai na ɗakin tsoho ne. Duk kayan suna jere a jikin bango, babu ko kujera 'yar tsuguno a tsakiya. Da tsohuwar ta tashi ɗauko kofi a can ƙarshen ɗaki, ba ta ratsa ta tsakiya ba, ta bi gefen gado ta zagaya, haka kuma ta dawo. Sannan ɗakin yana da wani sanyi da ƙamshi irin na cikin randa.

Sufeto ya ajiye tsumman hannunsa. Ya daina dariya.

"Ta zagaya, kika ce?"

"Zuwa da dawowa."

Ya dubi Baba. "Kada ka biya gobe. Yau za ta koma."

Babban ɗan gidan bai ji daɗin ganinmu ba. Ya ce an duba jiya, mahaifiyarsa ba 'yar kallo ba ce da za a riƙa yi mata sintiri. Dillali, wanda aka aika aka kira, ya zo yana haki yana cewa mai sayen nan na biyu ko zaure bai nemi gani ba. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ku yi haƙuri. Yarinya ce ta bar aiki a rabi, za ta ƙarasa. In ba ta shiga ba, ni ma ba zan shiga ba." Sai ɗan gidan ya kauce daga bakin ƙofa.

Tun a tasi nake maimaita maganata. Na ƙudura a raina ko muryata za ta fito kamar ta sauro, sai na faɗa. Na yi sallama, na durƙusa, na gaishe ta, ban bari ta kai ga kofi ba.

"Hajiya, don Allah, an aiko ni in duba ɗakin nan ne. Jiya ban duba ba."

Ta dube ni. "Ai na gani. Kin shanye mini kunu kin tafi da aikinki a aljihu. Ina ta kallon siket ya karkace." Ta tattara carbinta. "Tashi ki yi abin da ya kawo ki, 'yar nan."

Na fara da bango. Tak, tak, duk kusurwa huɗu. Sannan na kwantar da batiri kusa da ƙofa na sake shi. Ya ɗan yi jim, sai ya fara gangarawa a hankali, ya ƙara sauri, ya je tsakiyar ɗaki ya yi gaba ya yi baya ya tsaya. Na miƙa hannu daga gefe na jawo shi da tsintsiya. Na gwada daga wajen gado, na gwada daga ƙarshen ɗaki. Ko ta ina na sake shi, wuri ɗaya yake zuwa.

"Zan iya ɗaga ledar?"

"Ɗaga. Amma ki tsaya a gefe."

Na naɗe ledar. A ƙarƙashinta akwai tsaga a jikin siminti, ba miƙaƙƙiya ba, ta zagaya ta kusa haɗewa, faɗinta kamar babban faifai uku a jere. A wani wuri ɗan yatsana yana shiga. Na kwanta rub da ciki daga gefe na miƙa hannu na buga makulli a cikin da'irar. Ƙarar da ta fito ba ta ƙwarya ba ce ma. Ta yi ƙasa, ta daɗe, kamar an yi magana a cikin tulu. Iska mai sanyi tana fitowa ta tsagar tana taɓa mini hannu.

"Rijiya ce," in ji tsohuwar a hankali. "Gefenta ya riƙa zubewa, sai Malam ya shimfiɗa mata katakon reluwe da kwano, ya zuba siminti, ya tayar da ɗaki a kai. Na yi magana, ya ce katakon reluwe ba ya ruɓewa. Allah ya jiƙansa, in ya faɗi abu ya faɗa. Yaran suna makaranta a lokacin, su a zatonsu cike ta aka yi. Ledar ma su suka kawo, wai tsaga ce ta tsufa, kada ta ɓata ciniki."

"Me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

Ban san inda na samo ƙarfin wannan tambaya ba.

"Wa ya tambaye ni? Ana ta ciniki a zaure, ni ina nan ina ƙirga kwana." Ta gyara mayafinta. "Na san mai jego za a sa a ɗakin, tunda shi ne babba. Kwana biyu ke nan abin yana cina. Amma ki ji, 'ya'yana ne a zauren can, kuma maganar ubansu ce. Kada ki ce na ce. Abin da idonki ya gani, shi za ki faɗa."

Na yi mata alkawari. Na cire ɗankwalina na auna faɗin da'irar da shi daga gefe, ya yi ɗankwali ɗaya da rabi. Na mayar da leda yadda take, na fito.

A zaure mutane sun ƙaru, ƙanen ɗan gidan ya zo, da wani maƙwabci. Na zaɓi jakar Sufeto na kafa mata ido, na faɗi komai a jere: bango lafiya, batiri yana zuwa tsakiya ta ko'ina, tsaga zagayayyiya, ƙara mai zurfi, iska mai sanyi, ɗankwali ɗaya da rabi.

Dillali ya yi dariya. "Yallaɓai, yanzu da ɗankwali ake auna gida? Yarinyar da jiya ta ce lafiya lau?"

Na ce, "Jiya ban duba ba. Yau na duba. Akwai rami a ƙarƙashin ɗakin."

"Wa ya faɗa miki?" in ji babban ɗan.

"Na buga na ji."

Sufeto ya fita. Muna jin sa a waje yana tambaya wane ne ya fi daɗewa a layin. Ya dawo da wani tsoho mai gyaran keke. Ya tambaye shi a gaban kowa ko gidan nan ya taɓa yin rijiya.

"Rijiya? Sosai ma. Can kusurwar baya. Duk layin nan mun sha ruwanta kafin a kawo famfo."

"Da aka daina, ka ga an kawo ƙasa an cike ta?"

Tsohon ya yi tunani. "Ƙasa kam ban gani ba. Katako na gani, ni na taya shi sauke su daga kura."

Babban ɗan ya zauna a kan dakali, ya riƙe kai. "Inna lillahi. A kanta Inna take kwana?" Bai ƙara bi ta kanmu ba, ya shiga ciki. Muna jiyo shi yana kiran ƙanensa su fitar da gado zuwa ɗaya daga cikin ɗakunan da ba kowa.

"Bakano," in ji Sufeto, "gaskiyarka, babu ƙasa a gidan nan. Inda ake neman ta ma babu."



Sufeto ya rubuta rahoto shafi biyu ya sa hannu. Ya ce sauran gidan lafiyayye ne, rufi zai yi shekaru, ruwa ba ya kwanciya a layin. Babban ɗaki kuwa sai an rushe, a cike rijiyar, kada kowa ya zauna a ciki. Baba ya kai wa magada takardar ya ce yana son gidan, amma a matsayin gida mai ɗaki biyu, a rage abin da ya kamata. Suka ce za su yi shawara. Kwana goma sha ɗaya ba labari. Mun riga mun fara ɗaure kaya a kwali, wa'adin kwatas yana matsowa, 'yan'uwan Baba suna cewa ya cika taurin kai, zai bar mu a titi saboda maganar yarinya. Kullum in na dawo makaranta sai in dubi fuskarsa kafin in cire takalmi. Bai je neman su ba, kuma bai ƙara ko sisi ba. A rana ta goma sha biyu dillali ya zo da kansa, ya ce sun yarda.

Da tsohuwar ta fita takaba, ƙanenta ya zo ya tafi da ita. Ban sake ganinta ba. Mun tare saura kwana huɗu wa'adinmu ya cika. A makon ne leburori suka cire rufin babban ɗaki, suka fasa daɓen daga gefe, suna ɗaure da igiya a ƙugu. Katako biyu daga ciki sun yi baƙi, ana ɓantarar su da hannu kamar rogo dafaffe. Mama ta leƙa sau ɗaya, da jariri a baya, ta koma ɗaki.

An zuba ɓaraguzan ɗakin a ciki, aka ƙara da jar ƙasa har ta cika ta yi tozo. Baba ya so ya fara sabon gini nan da nan, don mu bakwai ne a ɗaki biyu, ni da ƙannena mata uku a kan katifa ɗaya. Sufeto ya ce a'a, sai ƙasar ta sha damina biyu ta zauna. Bayan damina ta farko wurin ya lotsa har gwiwata, aka ƙara ƙasa. Muka jira ta biyun.